Kwasakwasan mastas da na ci a gida, za a lissafa min su idan na koma wata jami'ar?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka bi ta wannan hanya. Na fara mastas a tattalin arzikin noma a wata jami'ar tarayya a nan Arewa ƙarshen 2021. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye mana wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. Da aka dawo muka ƙarasa kwasakwasai, na ci yunit 24, babu wanda na faɗi. Saura kundin bincike. An amince da batun da zan yi aiki a kai, na shiga ƙauyuka na tattaro bayanai wurin manoman shinkafa, sai malamin da ke duba aikina ya tafi hutun shekara. Wanda aka ba ni a madadinsa kuwa babi na uku yana hannunsa tun bara.

Yanzu wata jami'ar jiha a Amurka ta ba ni gurbin mastas a wannan fannin dai, shirin nasu kiredit 30 ne (kiredit shi ne yunit a wurinsu). Shin 24 ɗin nan za su karɓa su rage min? Maigidana cewa yake idan sun karɓa ai shida ne ya rage, zango ɗaya na gama na dawo wurin yara. Ni kam jikina bai ba ni haka abin yake ba.

Nura Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Maman Iman, Allah ya sanya albarka. Jikinki ne ya faɗa miki gaskiya. A nan Amurka na yi nawa mastas ɗin, kuma ban taɓa jin inda aka karɓi 24 cikin 30 daga waje ba. Abin da aka fi gani shi ne 6 zuwa 9, wasu su kai 12. Dalilinsu a fili yake: sunansu ne zai hau kan takardar shaidar, don haka suna so mafi yawan karatun ya zama a ajinsu aka yi shi.

Shidan ma tana da sharuɗɗa. Kwas ɗin ya zama na matakin gaba da digirin farko. Ki ci shi da B ko sama. Kada ya tsufa, jami'o'i da yawa shekara biyar zuwa bakwai suke ƙirgawa, kuma a wasu wuraren lissafin yana tsayawa ne ranar da za ki kammala, ba ranar da kika shiga ba, to ki duba naki na 2022 da kyau. Kiredit ɗin kundin bincike ba a ɗauko shi. Babban sharaɗin kuma, wanda mutanenmu suka fi tuntuɓe da shi: kada ya zamana an riga an yi amfani da kwas ɗin wurin ba ki wani digiri. Yawancinsu ba sa yarda kwas ɗaya ya ci mastas biyu.

Babu kuma wata ma'aikata a ƙasar nan da ke tilasta wa jami'a ta karɓi kiredit ɗin wani wuri. Kowace da dokarta, wani lokaci ma kowane sashe da tasa. Ki shiga shafinsu ki nemo littafin dokokin masu karatun gaba da digiri, amsar tana ciki a rubuce.

Sadiya K.:
Innalillahi. Shida cikin 24? Wahalar shekara guda da kuɗin mota da na hotokofi duk sun tafi ke nan?

Nura Funtuwa:
Kiredit ɗin ne ba zai bi ta ba Sadiya, karatun yana kanta. Kuma ina kyautata zaton waɗannan kwasakwasan sun taimaka wurin ba ta gurbin.

Dakta Lawal:
Ƙanwata, ni ta wata ƙofar zan shigo, kuma na san ba kowa zai so jin abin da zan faɗa ba. Na daɗe ina kula da ɗaliban mastas a sashenmu. Ɗalibar da ta gama kwasakwasai, aka amince da batunta, ta tattaro bayananta, ta rubuta babi uku, ta riga ta yi mafi nauyin aikin. Abin da ya tsaya miki takarda ce a kan teburin mutum ɗaya. Wannan kuwa yana da magani a cikin dokar jami'a. Ki rubuta wa shugaban sashe a hukumance, ki ba wa jami'in da ke kula da karatun gaba da digiri kwafi, ki jera ranar da kika miƙa kowane babi, ki roƙi a sa wa'adi ko a sauya miki mai dubawa. Kada ki zargi kowa a ciki, ranakun kawai ki jera, sun isa. Kwamitin sashe ba ya son irin wannan takardar ta kai makarantar gaba da digiri ba a yi komai a kanta ba.

Sannan ki rubuta wa mutanen Amurkan ki nemi su ɗage miki shiga zuwa zango mai zuwa ko baɗi, da yawa suna yi. Idan kin riƙe mastas ɗinki a hannu, sai ki nemi digirin digirgir kai tsaye. A can ne karatunki na gida zai yi miki rana, domin shirye-shiryen digirgir da dama suna rage wa mai mastas wani kaso mai kauri, wasu har kiredit 30. Me zai sa ki bar 24 don ki samu 6, ki sake mastas a fanni ɗaya, alhali idan kika daure kika kammala duka za su iya yi miki amfani a mataki na gaba? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Nura Funtuwa:
Allah ya gafarta malam, lissafin Dakta daidai ne a kan takarda, amma akwai wurare biyu da nake tsoro. Ɗage gurbi ba ya nufin ɗage tallafi. Suna iya cewa mun ajiye miki kujera amma kuɗin da muka yi alkawari sai an sake duba ki tare da sababbin masu nema. Na biyu, gurbin digirgir ya fi na mastas wuyar samu nesa ba kusa ba, musamman a tattalin arziki inda suke tsananta wa lissafi. Mutane da yawa mastas ɗin nan ne tsanin da suka taka, don malamin da ya koyar da kai ya ga aikinka da idonsa shi ne zai tsaya maka a kwamiti. Gurbin da ke hannunta yau tabbas ne, na baɗi kuwa sai an nema.

Dakta Lawal:
Ban musa ba Nura. Amma ka lura da kanka ka ce idan ta kammala na gida kwasakwasan sun zama an yi amfani da su, ba za su shiga mastas na biyu ba. Ashe zaɓi biyu ne a gabanta, ba za ta haɗa su ba: ko ta bar na gida ta tafi da shida, ko ta gama na gida ta tafi da digiri. Ni a ganina digiri ya fi shida. Kuma ina jin zafin yadda muke rasa ɗalibai masu ƙwazo saboda babi ɗaya ya kwana a aljihun tebur.

Abban Sultan:
Dakta, da girmamawa, takardar ƙorafin nan ba a kowane sashe take haifar da ɗa mai ido ba. Na san wadda ta rubuta, aka sauya mata malami, sabon ya ce bai yarda da tsarin binciken ba, a koma babi na ɗaya. Ta ƙara shekara biyu.

Dakta Lawal:
Yana faruwa, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na ce ta fara da roƙon wa'adi kafin roƙon sauyi. In da hali ma ta kira malaminta na farko, wanda ya tafi hutu, ya sa baki. Malami ya fi jin maganar abokin aikinsa a kan ta ɗaliba.

Shugaban Zaure:
Maman Iman, akwai abin da ba ki faɗa mana ba, kuma a kansa rabin maganar ta rataya. Su za su biya kuɗin makarantar ko ke za ki biya?

Maman Iman:
Yi haƙuri shugaba. Sun yi min rangwame ne kawai, sauran mu za mu biya, kuma a kan kowane kiredit suke caji. Sun ce bayan zangon farko zan iya neman aikin taimaka wa malami a bincike, idan na samu za a ɗauke min kuɗin, amma ba su yi alkawari ba.

Nura Funtuwa:
To a nan shidan tana da daraja. Kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin makarantar ke nan. A ɗauka a misali kiredit ɗaya dala 1,000 ne, kin ga dala 6,000 ta tsaya a aljihu, ki juya ta zuwa naira ki gani. Sai lokaci. Mai bizar karatu dole ya yi rajista cikakkiya kowane zango, a yawancin jami'o'i kiredit 9 ke nan ga ɗan mastas, in ban da zangon ƙarshe da ake yarda ka ɗauki iya abin da ya rage maka. Kiredit 30 zai zama 9, 9, 9, 3, zango huɗu. Idan an rage shida ya koma 24, wato 9, 9, 6, zango uku. Kuɗin haya da abinci da inshorar lafiya na zango guda sun fita daga wuyanki. Amma ki gaya wa Abban Iman a hankali cewa maganar zango ɗaya babu ita, a shirya wa shekara ɗaya da rabi a ƙalla, idan da kundin bincike ma wataƙila biyu.

Injiniya Bashir:
Ni ja nake da wani abu da kowa ya ɗauka alheri ne. Ba kowane kwas ya kamata mutum ya nemi a lissafa masa ba ko da za a yarda. Na ga ɗan'uwanmu da ya dage aka ɗauke masa kwas ɗin ƙididdiga na farko don ya yi irinsa a gida. Aka jefa shi na biyu. Makon farko malamin ya ba da aiki a rubuta shi da manhajar R, ya ɗauka kowa ya iya tun zangon baya. Shi kuwa a gida da biro da kalkuleta aka koya masa, ka'idojin ya sani sarai amma bai taɓa sa hannu a manhajar ba. Ya sha wuya ƙwarai kafin ya farfaɗo.

Maman Iman, kwasakwasan da sauran karatun ya doru a kansu, irin ikonometiriks (ƙididdigar tattalin arziki) da ka'idar tattalin arziki, shawarata ki sake su a can ko da kin ci A a gida. Waɗanda za ki nemi a lissafa su ne na zaɓi, kamar kasuwancin amfanin gona ko tsare-tsaren raya karkara.

Akwai kuma wata riba da ba a cika faɗa ba. Kwas ɗin da aka ɗauko daga waje yawanci kiredit ɗinsa kawai ake rubutawa, makinsa ba ya shiga GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi. Su kuwa suna so ɗan mastas ya riƙe 3.0, kuma da GPA ɗin zangon farko za a duba ki wurin ba da aikin nan da kike fata. Kwas ɗin da kin riga kin san rabinsa shi ne zai ɗaga miki maki a lokacin da kike fama da sanyi da kewar yara.

Sai ki tambaye su wani abu a fili. Wani lokaci za su ce ba sai kin yi kwas kaza ba tunda kin yi shi, amma ki ɗauki wani a madadinsa. Wannan bai rage miki ko sisi ba, talatin ɗinki tana nan. Ki tabbata wanne suke nufi kafin ku yi kasafi a gida.

Sadiya K.:
Wannan ta ƙarshen ban taɓa saninta ba wallahi. Allah ya saka, Injiniya.

Hajiya Binta:
Ni a ofishin ajiye sakamakon ɗalibai nake aiki, bari in faɗi abin da nake gani. Duk maganar da ake yi ba za ta motsa ba sai takarda ta fita daga jami'arki, kuma ɗalibin da bai kammala ba takardarsa ta fi ta wanda ya kammala wuyar fita. A wurinmu ba ma buga tiranskirif, wato takardar sakamakon kwasakwasai, sai sakamakon ya wuce kwamitin sashe, ya wuce hukumar makarantar gaba da digiri, majalisar jami'a ta amince. Sau da yawa ɗalibi ya ga makinsa a allon sanarwa ya ɗauka an gama, alhali fayil ɗin yana sashe ana jira a haɗa da na kundi a kai gaba ɗaya. To gobe da safe ki je ki tambaya: sakamakon zangona biyu sun wuce majalisa? Idan ba su wuce ba daga nan za ki fara.

Ba a hannunki za a ba ki ba, daga jami'a zuwa jami'a ake aikawa, ko zuwa kamfanin tantancewa irin WES idan sun ce sai an bi ta nan. Idan za ki biya WES, ki zaɓi tantancewar da ake bin kwas ɗaya bayan ɗaya, ba wadda za ta ce digirinki daidai yake da kaza kawai ba. Ki kuma san cewa WES ba ta ba da kiredit, bayani take yi wa jami'ar, hukuncin yana hannun sashen.

Ki roƙi a haɗa da bayanin tsarin makinmu. A nan 70 zuwa sama A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C. A can sun saba B tana farawa daga 80. Wanda bai san tsarinmu ba ya ga 64 zai ɗauka da ƙyar kika sha. Idan kuwa kina da kwas mai 50 da wani abu, a nan kin ci, amma kada ki sa rai da shi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne bayanin kwas. Tiranskirif ɗinmu layi ɗaya yake ba kowane kwas: lamba, suna, yunit, maki. Malamin can ba zai sa hannu a kan suna ba, so yake ya ga abin da aka koyar. Ɗalibai sai su zo su ce mu ba su manhajar kwas ɗin. Mu buɗe littafin sashe, ka ga kwas na wata huɗu an bayyana shi a layi biyu da rabi, an buga tun shekarun baya, wani shafin ma ya yage. Wannan ba zai gamsar da kowa ba. Abin da ke aiki shi ne ki ɗauko littafin rubutunki na aji, ki zauna ki fitar da abin da aka yi mako mako, littattafan da aka karanta, yadda aka raba maki tsakanin gwaji da jarrabawa, awa nawa ake zama. Ki kai wa malamin da ya koyar ya gyara ya sa hannu, shugaban sashe ya buga hatimi a kan takardar sashe. Ki haɗa da takardar tambayoyin jarrabawar idan kina da ita. Ki rubuta musu cewa yunit ɗaya a wurinmu awa ɗaya ce ta lacca a mako tsawon zango na mako 15, za su gane don nasu ma kusan haka yake. Ki yi wannan tun kina ƙasar. Daga can ba za ki samu malami ya zauna miki a waya ba.

Maman Iman:
Hajiya Allah ya biya ki da aljanna. Littattafan rubutuna suna nan cikin akwati, ko ɗaya ban yar ba.

Zainab A.:
Ina karanta zaren nan daga Ingila raina yana ɓaci, ba da kowa ba, da tsarin. A nan mastas kiredit 180 ne, 120 na kwasakwasai, 60 na kundi. Wanda ya ci 60 rayuwa ta tsayar da shi, a jami'o'i da yawa yana fita da satifiket na gaba da digiri. Wanda ya ci 120 bai yi kundi ba yana fita da difloma. Takarda ce mai daraja da zai nemi aiki da ita, kuma akwai jami'o'in da za su karɓe shi daga baya ya ƙarasa sittin ɗin ya zama mastas. Da a nan Maman Iman take, yau tana da difloma a hannu ko ta tafi ko ta zauna.

Mu kuwa a jami'o'in gida da na sani, ko ka fita da mastas ko ka fita hannu rabbana. Mata nawa muka sani da suka gama kwasakwasai, haihuwa ko canjin wurin aikin miji ko rashin lafiyar iyaye ta ɗauke su, wa'adi ya cika aka share sunansu? Karatun sun yi shi, jarrabawar sun ci, amma ba su da abin nunawa. Kuma ko daga jami'ar Kano zuwa ta Sakkwato mutum ya koma, a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin hukumar kula da jami'o'i ɗaya, wato NUC, galibi sabon fom zai saya ya fara daga farko. Muna kukan Amurka ta ba da shida, mu nawa muke ba junanmu?

Dakta Lawal:
Zainab, kin taɓa inda ke yi min ciwo. Gaskiya ne, PGD ɗinmu, wato diflomar gaba da digiri, ƙofar shiga ce, an yi ta ne don mai HND ko mai digiri mai daraja ta uku ko wanda ya sauya fanni ya samu hanyar zuwa mastas. Ba mu mayar da ita ƙofar fita ba. Na taɓa kawo maganar a taron sashe, amsar da na samu ita ce idan aka buɗe wannan ƙofa ɗalibai za su riƙa gudun bincike su karɓi difloma su tafi. Ban raina wannan tsoron ba, don bincike shi ne abin da ya raba mastas da ƙarin aji. Amma wanda zai gudu ai yanzu ma yana gudu, bambancin kawai yana tafiya ba tare da komai ba.

Auwal Gombe:
Tunda an taɓo PGD, ni mai HND ne na yi PGD a kimiyyar kwamfuta. Idan na shiga mastas za a rage min kwasakwasan da suka yi kama?

Dakta Lawal:
A gida kam kada ka sa rai, Auwal. PGD ɗin ita ta ba ka cancantar shiga, ta gama aikinta. A waje ma sau da yawa haɗa HND da PGD ake yi kafin a ce ka kai matsayin digirin farko.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ku ba ni wuri in faɗi yadda abin yake wajenmu. Mu tsarin LMD muke bi, wanda ƙasashen UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, suka amince da shi a 2007: lisans shekara uku karedi 180, mastar shekara biyu karedi 120, kowane zango 30. Abin da ke da kyau ciki, darasin da ka ci ya zama naka, ba ya ɓacewa don ka tsaya. Wanda ya gama shekarar farko ta mastar a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi yana da 60 a rubuce, yana iya neman shiga shekara ta biyu a Wagadugu ko Dakar ko Faransa. Ba dole ba ne su ɗauke shi, kwamiti ne ke duba takardunsa, amma ma'aunin ɗaya ne, ba sai an yi ta bayani ba. Ga kuma CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska da aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, tana aikin daidaita takardun shaida tsakanin ƙasashen.

Wahalarmu tana farawa ne idan muka nufo kudu. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar 'yan awoyi ce, harshenmu ɗaya, amma lisans ɗinmu ta shekara uku ce taku ta huɗu. Sai an fassara takardu zuwa Ingilishi, sai Ma'aikatar Ilimi ta Abuja ta tantance, sannan wata jami'ar ta ce ka fara da PGD. Akwai yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 kan amincewa da karatun juna a Afirka, ta fara aiki ƙarshen 2019, amma ɗalibin da ke tsaye gaban teburin rajista bai ga amfaninta ba tukuna.

Nura Funtuwa:
Malam Isuhu, don kada wani ya ruɗe da lambobin: 60 ɗinku ba 60 ɗin Amurka ba ce. Naku da na Turai suna ƙirga duk wahalar ɗalibi har karatun ɗaki, na Amurka da na Najeriya awoyin aji suka fi kallo. Yawanci biyu naku ake ɗauka a matsayin ɗaya nasu. Na Ingila kuma 180 ɗin da Zainab ta faɗa 90 ne a ma'aunin Turai.

Mustafa M.:
Ni matsalata ta fi ta kowa a nan. Ina tsakiyar mastas a Khartoum yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, da jaka ɗaya muka fito. Zango biyu na gama. Abin da ke hannuna hotunan sakamako ne a waya da katin ɗalibi.

Hajiya Binta:
Allah ya kawo musu zaman lafiya, ya mayar maka da alheri Mustafa. Hoton waya ba zai zama tiranskirif ba, amma kada ka goge shi, ka tura shi imel ɗinka yau. Ka bincika ko jami'arku ta buɗe ofis a wani gari, don wasu sun mayar da aikinsu Port Sudan. Ka nemi malamanka ɗaya bayan ɗaya, wasiƙar malami da ya ce ya koyar da kai kwas kaza ka ci kaza tana da nauyi a gaban kwamiti. Ka turo min saƙo ta gefe in nuna maka yadda ake rubuta takardar roƙo zuwa shugaban makarantar gaba da digiri.

Maman Iman:
Jama'a na dawo da labari. Na rubuta wa malamar da ke kula da shirin kamar yadda kuka ce, ta amsa. Iyakarsu kiredit 9. Ba a nema sai na gama zango ɗaya a wurinsu da sakamako mai kyau. Fom ne da mai ba ni shawara zai sa hannu, ita ta sa, sannan ya je ofishin shugaban makarantar. Ta ce ikonometiriks ba sa ɗauke wa kowa, daidai da maganar Injiniya. Sai ta ƙara da cewa za su buƙaci wasiƙa daga jami'ata mai tabbatar da cewa ba a ba ni digiri da waɗannan kwasakwasan ba. Kan ɗagewa kuma ta ce za su iya ajiye min gurbin shekara ɗaya, rangwamen ne ba ta da tabbas.

Na je sashe kuma. Sakamakon zangon farko ya wuce majalisa, na biyu bai wuce ba.

Abban Sultan:
To me zai hana ta tafi, a lissafa mata taran, daga can ta riƙa turo babi ta imel har ta gama na gidan ma? Ta tashi da biyu.

Dakta Lawal:
A'a Abban Sultan, wannan ba zan goyi bayansa ba. An ce mata sharaɗin kada kwas ya ci digiri biyu, ta kawo wasiƙa a kan haka, sannan ta zagaya ta karɓi na biyun da kwasakwasan nan dai? Ko ba a gano ba amana ce ta ci. Idan tana son biyun, sai ta bar neman taran ta yi talatin ɗinsu cif, ko ta tambaye su a rubuce su amsa a rubuce.

Ƙanwata, ra'ayina bai sauya ba, shekara ɗayan da suka ba ki ta isa ki gama na gida idan kika matsa. Amma ke kika san aljihunku da halin sashenku. Idan tafiyar kika zaɓa, bayanan manoman shinkafar nan kada ki bar su su mutu a kwamfuta. Ki yi magana da malaminki na farko ku fitar da maƙala tare, ki kuma nemi izinin sashe a rubuce kafin ki yi amfani da su a wani kundin, tunda da sunan jami'ar kika tattaro su.

Nura Funtuwa:
Ni kuma har yanzu tafiya nake gani, Dakta, saboda rangwamen da ba a tabbatar ba. Tara cikin talatin ya bar 21, zango uku ne dai, amma kuɗin ya ragu sosai.

Hajiya Binta:
Kowanne kika zaɓa Maman Iman, jerin aikin ɗaya ne a wannan makon. Ki bi sakamakon zango na biyun nan har ya shiga zaman majalisa mai zuwa, ki tambayi sakataren makarantar gaba da digiri ranar da ake rufe karɓar fayil. Ki biya duk bashin rajista da ke kanki, don ba a buga wa mai bashi takarda. Kuma kada ki miƙa takardar janyewa daga shirin sai tiranskirif ya fita, ya isa can, sun rubuto sun ce ya iso.